Ba Kowace Lamba Ce Adadi Ba

Gabatarwa

A shekarar 2020, kwamitin masana da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna, wato HGNC, ya fitar da sababbin ƙa'idoji, bayan ya canza sunayen ƙwayoyin gado 27 cikin kimanin shekara guda. Ƙwayoyin gado su ne ƙananan sassan nan da ke ɗauke da umarnin ginin jiki, waɗanda 'ya'ya ke gada daga iyaye. Babu wani sabon bincike da ya jawo wannan canji. Dalilinsa shi ne, manhajar Excel, wadda masana ke jera sakamakon bincikensu a ciki, tana ɗaukar waɗannan sunaye a matsayin kwanan wata. Da zarar an rubuta MARCH1, sai ta mayar da shi 1 ga watan Maris. SEPT1 kuwa ya koma 1 ga Satumba. Saboda haka aka mayar da na farko MARCHF1, na biyu kuma SEPTIN1. Wato dai masana sun ga ya fi sauƙi a sake wa halitta suna da a hana manhaja karambani.

Wannan labari yana iya ba mai karatu dariya, amma irin kuskuren nan ne ke jiran duk malamin da zai kwashe sakamakon jarrabawa daga jadawalin lissafi zuwa rumbun bayanai, da duk akawun da zai tura sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu don biyan albashi. Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi ɗaya ne: tun kafin a rubuta alƙalami na farko ya kamata mutum ya yanke wa kowane bayani nau'insa, kada ya bar wa na'ura ta yi masa kintace. Kuma idan rumbun bayanai ya ƙi karɓar abin da aka kawo masa, taimako ya yi, domin kuskuren da ya yi kuwwa ya fi wanda ya shige shiru sauƙin magani.

Shanya da rumbu

Jadawalin lissafi na na'ura mai ƙwaƙwalwa fili ne da aka tsaga gida-gida. Layukan da ke kwance su ne jeri, na tsaye su ne ginshiƙai, mahaɗarsu kuma ita ce gurbi. Na farko da ya yi fice shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, sannan Excel a 1985. An yi su ne don sauƙaƙa wa mai lissafi, shi ya sa kowane gurbi yake karɓar duk abin da aka zuba masa. A ginshiƙi ɗaya ana iya samun adadi a sama, suna a tsakiya, kwanan wata a ƙasa, ba tare da manhajar ta ce uffan ba.

Rumbun bayanai yana da wata ɗabi'a daban. Tsarin da aka fi amfani da shi ya samo asali ne daga maƙalar da Edgar F. Codd na kamfanin IBM ya buga a 1970. A wannan tsari, kafin a zuba komai sai an faɗa wa rumbun sunan kowane ginshiƙi da irin abin da zai riƙe, kuma duk jerin da zai shigo sai ya bi wannan sharaɗi.

Manomi ya san wannan bambanci tun kafin zuwan kwamfuta. A kan tabarmar shanya yana iya baza gero a nan, wake a can, barkono a gefe. Amma ranar ajiya, gero da rumbunsa, wake da buhunsa. Jadawalin lissafi shanya ce, rumbun bayanai kuwa sunansa ya riga ya bayyana aikinsa. Rikicin yana tashi ne a ranar kwasa, lokacin da aka naɗe tabarma da duk abin da ke kanta aka nufi bakin rumbu.

Mene ne nau'in bayani?

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta ajiye komai sai jerin sifiri da ɗaya. Nau'in bayani shi ne umarnin da ke gaya mata yadda za ta fassara wannan jeri, da irin aikin da ya halatta a yi da shi. Manyan nau'o'in su ne rubutu, da cikakken adadi, da adadi mai ɗigo, da kwanan wata, da kuma amsar i ko a'a.

Ga ido, 25 da aka ajiye a matsayin rubutu da 25 da aka ajiye a matsayin adadi duk ɗaya ne. Ga na'ura kuwa, kama da wane ba ta wane. Idan aka umarce ta ta jera 2 da 9 da 10 a matsayin adadi, za ta ba da 2, 9, 10. Idan rubutu ne, sai ta ba da 10, 2, 9, domin harafi bayan harafi take dubawa kamar mai neman kalma a ƙamus. Malamin da bai lura da haka ba yana iya ganin ɗalibi mai maki 9 ya hau kan mai maki 85 a jerin matsayi.

Hausa ta riga ta tanadi kalmomi biyu da ke warware rabin matsalar: lamba da adadi. Adadi yana amsa tambayar nawa ne, kamar buhu nawa, naira nawa, maki nawa. Lamba kuwa sau da yawa suna ce kawai da aka rubuta da alƙaluma, kamar lambar mota, lambar waya, lambar jarrabawa. Gwajin mai sauƙi ne. Idan aka haɗa biyu daga cikinsu aka sami amsa mai ma'ana, adadi ne. Kuɗin makarantar ɗalibai biyu idan an tara ya ba da jimla. Lambobin wayarsu idan an tara ba su ba da komai ba sai shirme. Duk abin da ba a tarawa, a ajiye shi a matsayin rubutu.

Wuraren da gizo ke saƙa

Na farko shi ne sifirin farko. Lambar wayar salula a Nijeriya alƙaluma 11 ce, kuma da sifiri take farawa. A ilimin lissafi sifirin da ke gaban adadi ba ya ƙara komai, saboda haka jadawali yakan yar da shi, lambar ta koma alƙaluma 10. Lambar asusun banki a Nijeriya alƙaluma 10 ce, kuma akwai masu farawa da sifiri ɗaya ko fiye. Idan suka zube, lambar ba ta ƙara nuna asusun kowa, mai albashi kuwa ya kwana da yunwa. Bugu da ƙari, a rumbuna da yawa ginshiƙin cikakken adadi na yau da kullum ba ya wuce 2,147,483,647. Lambar wayar da ta fara da 0803, idan an cire mata sifiri, ta haura biliyan 8, don haka rumbun zai ce ta fi ƙarfinsa.

Na biyu shi ne dogayen lambobi. Excel ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15 na kowane adadi. Idan aka rubuta lamba mai alƙaluma 16, irin ta katin cirar kuɗi, alƙalami na ƙarshe ya koma sifiri, kuma ba ya dawowa. Har ila yau, adadin da ya kai alƙaluma 12 takan nuna shi a taƙaice irin na masana kimiyya. Lambar wayar da aka sa mata 234 a gaba sai ta bayyana kamar 2.34803E+12. A cikin jadawali ainihin lambar tana nan a ɓoye. Amma idan aka adana fayil ɗin a tsarin CSV, wato rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa, abin da ido ke gani shi ake rubutawa. Ta haka lambobin mutum ɗari ke iya komawa lamba ɗaya.

Na uku shi ne kwanan wata, kuma shi ne uban rikici. Excel tana ajiye kwanan wata ne a matsayin ƙidayar kwanaki, inda 1 ga Janairu 1900 ke zama rana ta 1. Ranar 1 ga Oktoba 1960, alal misali, a wurinta 22190 ce. Idan rumbu ya ɗauki ginshiƙin a matsayin adadi, wannan 22190 zai ajiye a madadin ranar. Tsofaffin Excel na kwamfutar Macintosh kuwa daga 1904 suke fara ƙidaya, bambancin tsarin biyu kwana 1,462 ne, wato shekara huɗu da kwana ɗaya. Daɗin daɗawa, ƙasashe sun sha bamban wajen rubutu. A Nijeriya da Nijar da Ingila, 03/04/2010 na nufin 3 ga Afrilu. A Amurka 4 ga Maris ne. Na'urar da aka saita da tsarin Amurka za ta juya duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba, ta bar sauran a matsayin rubutu, tunda babu wata na 13. A kowace shekara kwanaki 132 ne ke iya juyewa haka ba tare da wata alama ba. Ranar haihuwar ɗalibi idan ta juye a rajistar makaranta, ta bi shi har takardar shaida. Malamin da ya rubuta 7/10 yana nufin maki bakwai cikin goma shi ma ya faɗa tarkon, domin jadawali zai ba shi 7 ga Oktoba ko 10 ga Yuli.

Na huɗu shi ne waƙafi da ɗigo. A Nijeriya ana rubuta 1,500.50, a Nijar kuwa bisa tsarin Faransanci 1 500,50 ake rubutawa. Adadin 1,500 dubu da ɗari biyar ne a Kano, ɗaya da rabi ne a Maraɗi. Saboda waƙafi yana wannan aiki a can, fayil ɗin CSV na na'urar da aka saita da Faransanci yakan raba bayanansa da waƙafi mai ruwa. Idan aka kawo shi ga na'urar da ke jiran waƙafi, duk jerin sai ya cunkushe a ginshiƙi ɗaya. Haka nan alamar naira, ko kalmar buhu da aka liƙa wa adadi, tana mayar da shi rubutu. Game da kuɗi akwai ƙarin gargaɗi. Nau'in adadi mai ɗigo da na'ura ta fi saurin aiki da shi kusantowa yake yi, ba ya riƙe wasu adadai daidai wa daida. A harsunan kwamfuta da yawa, 0.1 da 0.2 idan an haɗa suna ba da 0.30000000000000004. Don haka rumbuna suka tanadi nau'in DECIMAL ko NUMERIC, wanda ke riƙe naira da kwabo yadda suke.

Na biyar shi ne bambancin babu da sifiri. Ɗalibin da ya zauna jarrabawa ya ci sifiri daban, wanda bai zo ba daban. A ce ɗalibai huɗu sun sami 60 da 70 da 80 da 90, na biyar yana kwance asibiti. Matsakaicin makin waɗanda suka rubuta 75 ne. Idan aka cike gurbin mara lafiya da sifiri, sai ya faɗo 60, a zargi malami da aikin da bai yi ba. Rumbun bayanai yana da alama ta musamman, NULL, mai nufin ba a san ƙimar ba. Idan kuma aka rubuta "bai zo ba" a ginshiƙin maki, an zuba tsakuwa a cikin gero. Wurin wannan bayani ginshiƙi ne na daban.

Na shida ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, duk suna cikin tsarin Unicode, amma babu su a tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai. Idan aka adana fayil da tsohon tsarin, sukan koma alamar tambaya, Ɗanladi ya zama ?anladi. Maganinsa shi ne a zaɓi UTF-8 wajen adanawa da wajen shigarwa. Hamza ma tana da nata. A Excel, hamzar da ta zo a farkon gurbi umarni ce mai nufin a ɗauki abin da ya biyo baya a matsayin rubutu, kuma ba ta bayyana. Wanda ya rubuta 'Yankaba zai ga Yankaba, sai in ya ninka hamzar. A harshen SQL da ake yi wa rumbuna magana da shi kuwa, wannan alama ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Manhajar da ba a gina da kula ba takan yi tuntuɓe da sunaye irin su Mu'azu da Sa'adatu, ta yanke su a tsakiya.

Ɓarnar da ke shigewa shiru

Da a ce duk waɗannan kurakurai suna kaɗa ƙararrawa, da abin ya zo da sauƙi. Yawancinsu shiru suke wucewa, har a hannun ƙwararru. Tun a 2004 Barry Zeeberg da abokan aikinsa suka yi gargaɗi a kan juyewar sunayen ƙwayoyin gado. A 2016 Mark Ziemann da abokansa a Ostireliya suka binciki maƙalu 3,597 da aka buga a mujallu 18 daga 2005 zuwa 2015, suka tarar da kuskuren a 704, wato kusan ɗaya cikin biyar. Binciken da ya biyo baya a 2021 ya sami kashi 30.9 cikin ɗari. Waɗannan maƙalu ne da masana suka rubuta, masana suka duba, duk da haka ya tsallake idonsu.

Wani misalin ya nuna abin da shirun ke jawowa idan rai ne a kan layi. A lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon mutum 15,841 da aka tabbatar sun kamu, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba. Rahotanni sun nuna cewa an bi da bayanan ɗakunan gwaji ta tsohon tsarin fayil na XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da jeri 65,536, alhali sabon tsarin XLSX yana ɗaukar 1,048,576. Abin da ya haura iyaka sai ya zube, aka yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar. Wannan matsalar girman mazubi ce, amma ita da ta nau'in bayani uwa ɗaya uba ɗaya suke: an bi da bayani ta mazubin da bai dace da shi ba, ya rage ba tare da sanarwa ba, kuma ba a ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fito ba.

A nan ne darajar taurin kan rumbun bayanai ke fitowa. PostgreSQL, a yadda ya zo, idan jeri ɗaya ya saɓa wa nau'in ginshiƙi yakan ƙi karɓar fayil ɗin gaba ɗaya, ya faɗi lambar jerin da ya ɓaci. Access yakan ware jerin da suka gagara a wani tebur na kurakurai. Mai gaggawa yana jin haushin wannan saƙo, amma ruwa ba ya tsami banza. Saƙon yana nuna wurin da ɓarna take tun tana ƙarama. Sai dai a sani, ba duk rumbuna ne ke da wannan tsanani ba. SQLite, alal misali, yana barin rubutu ya zauna a ginshiƙin adadi, sai in an nemi ya tsananta. Ya kamata mai aiki ya san halin rumbunsa.

Amsa ga masu ja

Akwai masu cewa laifin na kamfanin da ya yi manhajar ne. Suna da gaskiya har wani matsayi. Shekara 19 bayan gargaɗin 2004, wato a 2023, kamfanin Microsoft ya ƙara wa Excel zaɓin kashe irin wannan juyi. Amma zaɓin ba ya kunna kansa, kuma ba ya mayar da sifirin da ya riga ya zube. Ban da haka, kintacen da ake kuka da shi shi ne ke sauƙaƙa wa miliyoyin mutane rubuta kwanan wata kullum. Na'ura ba ta da hanyar sanin ko 7/10 maki ne ko rana ce. Wanda ya rubuta ne ya sani.

Wasu kuma suna cewa a mayar da kowane ginshiƙi rubutu a huta. Lallai saƙon kuskure zai ɗauke, kamar yadda kukan ƙararrawa ke ɗaukewa in an cire mata batir. Sai dai daga nan ba a iya tara kuɗi, ba a iya jera maki daidai, ba a iya tambayar rumbu ɗalibai nawa ne suka haura shekara 15. Kuma 31 ga Fabrairu za ta shiga ta zauna lafiya. An ɗage matsalar ne kawai zuwa ranar da ake buƙatar amsa da gaggawa.

Kashi na uku suna cewa a yar da jadawalin lissafi baki ɗaya. Wannan ma ya wuce gona da iri. Jadawali yana da arha, yana da sauƙin koyo, kuma shi ne abin da yawancin makarantu da ƙananan ofisoshi ke da shi a hannu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ake buƙata shi ne a yi shanyar da tunanin ranar ajiya.

Hanyar bincike da gyara

Mataki na farko shi ne a ajiye asalin fayil a gefe, a yi aiki da kwafi. Fayil ɗin CSV kuwa kada a buɗe shi da danna shi sau biyu, domin a wannan buɗewar ce jadawali ke yin kintacensa, kuma da zarar an sake adanawa ɓarnar ta tabbata. A duba shi da manhajar rubutu zalla, ko a shigar da shi ta hanyar da ke ba mutum damar zaɓa wa kowane ginshiƙi nau'i.

Na biyu, a rubuta ƙamusun ginshiƙai a takarda: sunan kowane ginshiƙi, nau'insa, tsawonsa, iyakarsa, da ko an yarda a bar shi babu komai. Lambar waya rubutu ce mai alƙaluma 11. Maki cikakken adadi ne daga 0 zuwa 100. Kwanan wata a bi da shi tsarin ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988: shekara, wata, rana, kamar 2010-04-03. Wannan tsari ba ya rikita kowa, kuma ko a matsayin rubutu yana jeruwa daidai.

Na uku, a nemo baƙin da suka ɓuya. A jadawalin da ba a taɓa tsarinsa ba, adadi yana jingina da dama, rubutu da hagu, don haka wanda ya fita daga sahu ya tona kansa. Umarnin COUNT yana ƙirga adadi kaɗai, COUNTA kuwa yana ƙirga duk gurbin da ke da wani abu. Idan na farko ya ba da 397, na biyu 400, akwai baƙi uku. ISNUMBER zai nuna su ɗaya bayan ɗaya. LEN yana faɗin tsawon abin da ke gurbi, ya fallasa lambar da ta rasa sifiri ko sunan da ke jan tazara a bayansa. TRIM yana share tazarar, ko da yake akwai wata irin tazara da ke zuwa daga shafukan intanet wadda ba ya gani.

Na huɗu, kada a yarda da kintacen manhajar shigarwa. Wasu kayan aikin Microsoft, a yadda suka zo, jeri takwas na farko kawai suke dubawa su yanke wa ginshiƙi hukunci. Idan takwas ɗin nan alƙaluma ne zalla, ginshiƙin ya zama na adadi, lambar jarrabawar da ke da harafi a jeri na 200 kuwa a bar gurbinta wayam. Dabarar ƙwararru ita ce tebur na zango. A fara sauke komai a matsayin rubutu a wani tebur na wucin gadi, a tace a can, sannan a juya kowane ginshiƙi zuwa nau'insa a tura shi mazauninsa. Rubutu yana da amfani a zango, kamar yadda fatake ke sauke kaya su duba kafin shiga gari.

Na biyar, a ƙirga. Jeri nawa ne a asali, nawa ne a rumbu? Jimlar kuɗi a nan da can ta yi daidai? Wane ne ƙarami kuma wane ne babba a kowane ginshiƙi? Ɗalibin aji ɗaya da rumbu ya ce an haife shi a 1905 ya isa shaida. Daga ƙarshe a ɗauki jeri goma daga wurare dabam-dabam a gwada su da asali da ido. Wannan aikin mintoci ne, kuma da irinsa ake gane zubewa irin ta Ingila a ranar da ta faru.

Kammalawa

A darasin kwamfuta an fi mayar da hankali ga inda ake dannawa, alhali maɓallai suna canzawa da kowace sabuwar manhaja. Tambayar wane irin abu ne wannan kuwa ba ta tsufa, kuma koyar da ita ba ya buƙatar wutar lantarki. Malami yana iya rubuta kan rajistar aji a allo, wato suna, lambar shiga, ranar haihuwa, kuɗin makaranta, lambar wayar uba, ya sa ɗalibai su yanke wa kowanne nau'i, su kuma kare hukuncinsu. Inda akwai na'ura, ya sa su rubuta 007 da 7/10 da 'yan'uwa a jadawali, su ga da idonsu abin da zai faru. Malamin lissafi yana da rabo a ciki, haka na kimiyya mai koyar da ma'auni, haka na Hausa mai kishin ƙugiya da hamza.

Ɗaliban da ke aji a yanzu su ne za su riƙe rajistar asibiti, da jerin albashi, da sakamakon jarrabawa nan gaba. Bayan kowane jeri a waɗannan fayiloli akwai mutum mai jiran magani, ko haƙƙinsa, ko takardar shaidarsa, kuma yawanci ba shi da hanyar sanin inda sifirinsa ya faɗi. Nauyin yana kan mai shigar da bayani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka wurin koyon wannan ɗabi'a shi ne makarantar sakandare, kafin hannu ya saba da zuba komai a ko'ina.